Yadda ake kai kukan ƙurar fasa dutse gaban hukuma har a zo a duba

Da yawa daga cikinmu cunkoso da tsadar haya ne suka fitar da mu daga unguwannin Aboabo, Sawaba da Asawase na Kumasi, muka sayi fili a bayan gari, wasu ta hanyar Offinso, wasu ta wajen Barekese, inda duwatsu suke. Ni ma haka na yi. Ranar da na je ganin filin da damina ne, ƙasa a jiƙe, iska garau. Sai da muka tare, ruwa ya ɗauke, sannan na san ma'anar maƙwabtaka da wurin fasa dutse. A share tsakar gida da asuba, kafin azahar kana iya rubuta sunanka da yatsa a kan murfin randa. Maiɗakina ta daina shanya kuka da barkono a waje. Ƙaramar 'yarmu ta kama tarin da yake hana ta barci, mu ma ya hana mu.

Shekara guda muka yi muna maganar a ƙofar masallaci bayan isha'i. Kowa ya faɗi nasa, a yi Allah ya isa, a watse. Al'amarin bai motsa ba sai da muka koma rubutu, kuma da yake ni ne sakataren kwamitin masallaci, rubutun kaina ya faɗo. Abin da na koya ke nan zan shimfiɗa a nan, bi da bi, don wanda ke zaune kusa da wurin fasa dutse, ko ramin yashi, ko injin niƙa dutsen zinariya.

Da farko, ku san abin da kuke shaƙa

Ƙurar da ido ke gani, wadda ke ɓata wanki, ita ce mai sauƙin sharri, domin hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta. Mai ɓarna ita ce wadda ba a gani. Masana na kiran ta PM10 da PM2.5, wato ƙwayoyin da girmansu bai kai maikiron 10 ba da waɗanda ba su kai 2.5 ba. Silin gashin kai ɗaya kaurinsa ya kai wajen maikiron 70, to ka kwatanta. Irin wannan ce ke wucewa har can ƙasan huhu.

Dutsen da ake fasawa a kewayen Kumasi yana ɗauke da sinadarin silika, haka ma farin dutsen da ake niƙawa don fitar da zinariya. Idan garin silika ya zauna a huhu yana barin tabo, huhun ya taurare, numfashi ya riƙa gajarta. Ciwon sunansa silikosis. Yakan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ya bayyana, sai dai in ƙurar ta yi yawa ƙwarai, kuma ba ya warkewa, ana dai rage wa mutum wahala. Wanda ya kamu da shi tarin tibi ya fi saurin kama shi. Tun 1997 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa garin silika cikin abubuwan da ke jawo wa ɗan Adam ciwon daji.

A nan sai mu yi adalci, domin adalcin zai amfane mu a gaban jami'ai: masu huda dutse da masu tsayawa a bakin injin su ne suka fi kowa shiga haɗarin silikosis. Mu maƙwabta abin da ya fi damunmu shi ne tari, tashin asma, ƙaiƙayin ido da mura mai naci, musamman ga yara, tsofaffi da masu juna biyu. Kada ku rubuta cewa unguwa duka ta kamu da ciwon da likita bai tabbatar ba. Ƙari guda ɗaya a takarda ya isa a yi watsi da gaskiya goma da ke cikinta.

Lambobi biyu ku riƙe. Ma'aunin ingancin iska na Ghana, GS 1236 na 2019, ya ƙayyade PM10 a maikirogiram 70, PM2.5 kuma 35, a kowace kiyubik mita ta iska cikin awa 24. Na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya fi tsauri: 45 da 15. Na Ghana shi ne abin da za ku riƙe kamfani da shi.

Na biyu, littafin ƙura

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a nan mutane suka fi yin kasala. Ku sayi littafi mai kauri, ku danƙa wa mutum ɗaya mai haƙuri wanda yake wuni a unguwa. Mu wani tela muka ba, shagonsa na kallon hanya. Kullum ya rubuta kwanan wata, lokacin da injin ya tashi da lokacin da ya tsaya, lokacin da aka tashi nakiya da ko an busa ƙaho kafin nan, tifa nawa suka wuce a cikin awa guda da ya zaɓa, nawa ne a rufe da tampol, ko tankar ruwa ta zo ta yayyafa hanya, da inda iska take kaɗawa. Ranar da aka yi abin kirki ma a rubuta. Littafin da ke cewa ranar Talata an zuba ruwa sau biyu ya fi samun yarda ranar da ya ce Laraba ba a zuba ba.

Hotuna da bidiyo a ɗauka daga kan hanya ko daga gidajenku, daga wuri ɗaya kowane lokaci, da kwanan wata a jiki. Kada kowa ya tsallaka shingen kamfani don ɗaukar hoto. Haɗari ne ga rai, kuma ya ba su abin da za su kai ku ofishin 'yan sanda da shi.

Akwai amsar da za a ba ku, ku shirya mata tun yanzu: za a ce hunturu ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu Kumasi duka hazo ne, ba mai musun haka. Saboda haka ku fara littafin tun Oktoba ko Nuwamba, ku ci gaba har bayan hunturu ya wuce. Sannan ku yi gwajin faranti. Ku samo fararen farantai iri ɗaya guda huɗu ko biyar, ku shafa musu basilin siriri, ku ajiye ɗaya a gidan da ya fi kusa da injin, ɗaya a bakin hanyar tifa, ɗaya a tsakiyar unguwa, ɗaya kuma can nesa a gidan wani ɗan'uwa da ba ruwansa da dutse. Bayan kwana guda ku jera su ku ɗauki hoto. Hunturu kowa yake samu daidai, don haka bambancin da ke tsakanin farantan daga wani wuri ya fito. Launi ma yana magana: garin dutse toka-toka ne, na hanya ja. A wurinmu farantin bakin hanya ne ya fi kowanne datti, abin da ya nuna mana cewa tifa sun fi injin cutar da mu, alhali shekara guda injin muke zagi. Wannan gwaji ba awon masana ba ne, kada ku kira shi haka. Amfaninsa ya sa mai na'urar gaskiya ya ga dalilin zuwa.

Kowane gida da abin ya shafa a rubuta adireshinsa na GhanaPost GPS. Jami'i ba zai gane "bayan masallacin Juma'a" ba.

Na uku, asibiti

Maganin tari na kemis ba ya barin shaida. Duk mai tarin da ya kai mako biyu ya je asibiti da katin inshorar lafiya, a duba kakinsa. Gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. A gaya wa likita a fili: gidana kusa da wurin fasa dutse yake, shekara kaza nake can, ko kuwa aikin dutse nake yi. A roƙe shi ya rubuta hakan a fayil. Idan ana buƙatar hoton ƙirji ko ganin likitan huhu, za a tura mutum Komfo Anokye, wato Gee. A adana kowace takarda da rasit.

A takardar ƙorafi adadi kawai za ku sa, misali gidaje kaza masu yara masu tari. Sunan mara lafiya da ciwonsa sirrinsa ne, ba a sa shi sai da yardarsa.

Na huɗu, ku gano mai aikin da takardun da yake tsaye a kansu

Tsarin mulkin 1992 ya ce duk ma'adinin da ke ƙasar Ghana yana hannun Shugaban Ƙasa a matsayin amanar jama'a. Ma'anarsa, sarkin da ya ba da fili ba shi ne ke ba da izinin haƙa ba. Dokar Ma'adinai ta 2006, Act 703, ta haɗa har da dutse, tsakuwa da yashi. Mai fasa dutse na halal yana da lasisi ta hannun Hukumar Ma'adinai, wadda za ku ga an rubuta Minerals Commission a allonta, da izinin aiki daga sashen sufetocinta. Su ne ke kula da ƙa'idojin lafiya da tsaro na 2012, LI 2182, da na nakiya, LI 2177.

Takarda ta biyu ta EPA ce, wato Hukumar Kare Muhalli. An kafa hukumar a 1994, sabuwar doka ta 2025, Act 1124, ta sake mata fasali. Tun ƙa'idojin 1999, LI 1652, ba a buɗe irin wannan aiki sai da izinin muhalli, kuma mai izinin yana miƙa rahoton muhalli kowace shekara, da tsarin yadda zai kula da muhallin. Wannan izini yana zuwa da sharuɗɗa, kuma a cikinsu ne maganar danne ƙura take. Wato abin da kuke roƙo a ƙofar kamfani, akasari shi da kansa ya riga ya sa hannu cewa zai yi. Ranar da na fahimci haka ne na daina jin kamar alfarma muke nema. Hukumar na da ikon dakatar da izinin wanda ya saɓa sharuɗɗan ko ta soke shi.

Akwai magana mai ɗaci da ya kamata in faɗa. A wurare da dama dutsen ya riga gidajen zuwa. Masu sayar da fili suka yi ta yanka har cikin tazarar tsaron da aka bari tsakanin aikin da jama'a, mu kuma muka saya don araha, ba mu tambaya ba. Kamfani zai ce ku kuka same shi. Ku je sashen tsara gari na Asambuli, wato ƙaramar hukumarku, ku ga inda filinku ya faɗa, kafin wani ya nuna muku a gaban taro. Ko da an same ku a ciki, hakan bai halatta wa tifa ta bi ta gaban makarantar yara a buɗe ba. Wanda kuma bai saya ba tukuna, ya je ganin fili da rani, ranar aiki, da tsakar rana.

Na biyar, ku haɗa kai, ku fara da ƙofar kamfanin

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada ƙorafin ya zama na 'yan Zango kaɗai. Asantawan da muka tarar, coci-coci, shugaban makaranta, masu sayar da waakye da koko a bakin hanya waɗanda ƙura ke kashe musu ciniki, duk ku jawo su. Ku gai da Odikro, mai garin, ku sanar da Sarkin Zango da liman, ku ɗauki asambuliman da 'yan kwamitin unguwa. Mata su kasance cikin kwamitin, su ne ke wuni da ƙurar, su ne ke kwana da mai tari.

Direbobin tifa da masu lodi 'yan'uwanmu ne, wasu a sahu ɗaya muke sallah. Suna tsoron a rufe wurin su rasa abinci, kuma tsoronsu na kan hanya. Wani dattijo direba ya tare ni bayan la'asar ya ce, "Malam Sakatare, in aka rufe dutsen nan, kai za ka ciyar mini da yara?" Na ce, "Baba, ba rufewa muka nema ba. Ruwa muke so a zuba, a rufe kaya da tampol, a rage gudu. Kai ma ƙurar nan kake sha tun asuba." Ya yi shiru, daga baya ya sa hannu.

Sai ku nemi zama da manajan wurin, mutum huɗu ko biyar, da littafinku. Ku nemi abubuwan da ake iya gani a ƙirga: yayyafa ruwa a hanya sau kaza a rana, feshin ruwa a bakin injin da kan bel ɗin da ke jan tsakuwa, huda dutse da ruwa, tampol kan kowace tifa, tudun rage gudu, sanar da lokacin nakiya, da dakatar da lodi lokacin tashin 'yan makaranta. A rubuta abin da aka amince, da ranar farawa, kowa ya sa hannu. In an kawo buhun shinkafa ko ambulan don kwamiti, ku mayar cikin ladabi. Ranar da kuka karɓa bakinku ya mutu, kuma unguwa za ta ji.

Na shida, takardar ƙorafi

Idan wa'adin ya cika ba a yi ba, sai hukuma. Takardar da Turanci za a rubuta ta, don shi ne harshen ofis. Ku tsara ta da Hausa a taro, a karanta wa kowa, sannan wani malamin makaranta ya juya. Kada ta wuce shafi biyu. Ta faɗi ko su wane ne ku da inda kuke, wane aiki ne kuma tun yaushe, abin da littafin ya nuna a taƙaice, zaman da kuka yi da kamfani da abin da ya biyo baya. Sannan buƙatu uku a fili: a zo a duba wurin, a auna PM10 da PM2.5 a cikin unguwa na awa 24 a ranar da ake aiki, a ba ku sakamakon a rubuce. Ku haɗa da kwafin shafukan littafin, hotuna, da sa hannu ko dangwalen mazauna. Asalin littafin kada ya bar hannunku.

Ku kai ta ofishin EPA na yankin Ashanti a Kumasi. Kwafi ga ofishin Hukumar Ma'adinai, ga shugaban Asambuli, ga sashen masu duba-gari da muke kira tankas, ga daraktan lafiya na gunduma, ga ɗan majalisarku. Kowace Asambuli tana da kwamitin karɓar ƙorafin jama'a a ƙarƙashin dokar ƙananan hukumomi ta 2016, Act 936, asambuliman ya shigar da maganar can ma.

Abu ɗaya kada ku manta ko da kun manta komai: ku je da kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Mun taɓa kai takarda wani ofishi ba mu nemi hatimi ba, da muka koma aka ce ba a gan ta ba, muka rasa abin nunawa, wata biyu suka tafi a banza. Ku karɓi sunan sashen da aka tura ta, ku koma bayan mako biyu, mutum biyu, da kwafin a hannu.

Ranar da jami'ai suka zo

Mai yiwuwa ku wayi gari ku ga an jiƙa hanya sharkaf, injin a kashe. Kada ku yi faɗa. Ku buɗe littafin ku nuna kwana 60 da suka wuce, ku roƙi a rubuta a rahoto cewa yau injin bai tashi ba, ku nemi a sake zuwa ba sanarwa. Ku kai su gidajen da suka fi shan wahala, su shafa rufin kwano da gilashin taga. Idan an kawo na'ura, ku tambayi inda za a kafa ta. Wurinta inda mutane ke kwana, ta ɓangaren da iska ke kai ƙurar, kuma ta kwana tana aiki. Mutum ɗaya ya yi magana da yawun kowa, wani ya rubuta sunayen sassan da suka zo da abin da suka ce.

Idan shiru ya yi yawa

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, Act 989, ta ba ku dama ku rubuta wa jami'in bayanai na hukumar ku nemi kwafin izinin muhallin da sharuɗɗansa, da rahoton binciken da aka yi. Kwana 14 doka ta ba shi ya yanke shawara. In ya hana, ku ɗaukaka zuwa shugaban ma'aikatar, daga nan zuwa hukumar da ke kula da dokar.

Sai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a 1993. Ba a biyan ko sisi, tana karɓar ƙorafi a rubuce ko da baki, kan kamfani da kuma kan ofishin da ya ƙi yin aikinsa. Ta san wannan fage, don a 2008 ta fitar da rahoto kan halin da garuruwan haƙar ma'adinai ke ciki. Kada ku bari shekara ta wuce kafin ku je, domin tana iya ƙin karɓar abin da mutum ya sani fiye da wata 12 bai kawo ba. Ƙungiyar Wacam ta daɗe tana tsaya wa al'ummomin da ke zaune kusa da ma'adinai, kuma akwai hukumar ba da lauya ga marasa hali idan magana ta kai kotu.

Rediyo na da ƙarfi a Kumasi, amma ku shiga da takardu, ku faɗi abin da aka rubuta kawai, ban da zagi ko zargin cin hanci da ba ku da hujjarsa. Zanga-zanga ita ce ta ƙarshe a wurina. In ta zama dole, dokar 1994, Act 491, ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce kwana 5 kafin ranar. Tare hanya da ƙona taya na juyar da magana daga huhun yaranku zuwa belin samarinku.

Kafin hukuma ta iso

Ofis na da nasa lokaci, huhu kuma ba ya jira. A daina sharar busasshiyar ƙasa, a yayyafa ruwa tukuna, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma. Tagogin da ke kallon hanya a rufe su lokacin lodi. Abinci da ruwan sha a rufe. Ruwan farko da ya sauko daga rufi bayan rani a bar shi ya zube, kada a tara. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa kusa, a makaranta ma malami ya sani.

Ɗan'uwa mai aiki a dutsen, ƙyalle ko hankici a hanci ba ya tare silika. Abin da ke tarewa takunkumi ne irin N95 ko wanda ya fi shi, wanda ya kama fuska ba ya barin iska ta gefe, kuma mai aikin ne ya kamata ya ba ka. Ka canja kaya kafin ka shiga gida, kada yara su rungume ka da garin dutse a jikinka. Ka nemi a riƙa yi maka hoton ƙirji, ka ajiye duk wata shaidar cewa ka yi aiki a wurin, ko katin aiki ne ko takardar albashi. Dokar diyyar ma'aikata ta 1987 tana nan, ta ofishin ƙwadago ake bin ta, kuma ciwon na iya fitowa bayan ka bar wurin da shekaru.

A unguwarmu yanzu tankar ruwa na zuwa, yawancin tifa a rufe suke wucewa. Injin har yau ba a sa masa feshi ba, takardarmu ta biyu tana kan wannan. Tela ya cika littafi na farko, mun saya masa na biyu.